DARASIN FARIN ƊANGO: WA KE DA ALHAKI IDAN TARO YA YI ƁARNA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci ƙwaro Ya halicci giwa, Ya raba wa kowa arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa yin kaka a ƙasar Gecheme, ko a Tibiri da Dogon Dutsi da sauran garuruwan Arewa da ke bakin Dallol Mawri, ya san wata fargaba da ke sauko wa manomi a ƙarshen watan Satumba. Gero ya gama bununi, ƙwaya ta shiga amma ba ta yi tauri ba, in an matsa ta da farce sai ta fitar da ruwa fari kamar nono. Manomi ya zaga gonarsa da la'asar bai ga abin tashin hankali ba. Washegari da hantsi ya dawo ya tarar da fara a kan zangarniya, tana gurgurar ƙwayar da ya yi wata uku yana jira. Jiya ba ta nan. Cikin dare ta sauka.

Daga ina ta fito, kuma me ya taso ta? Masana halittu sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya, sun kuma samo amsoshi masu ban mamaki. Amsoshin nan suna kai mai tunani ga wata tambaya da ta fi nauyi, wadda ta shafi ɗan Adam kansa: idan taro ya yi ɓarnar da babu wanda zai iya yinta shi kaɗai, a wuyan wa alhakin yake?

ABIN DA KE TAYAR DA ƘWARI

Ƙwaro ba ya barin wurinsa don sha'awar yawo. A ƙasashen Sahel ciyawa ba ta zama wuri ɗaya. Ruwa yana farawa daga kudu a watan Mayu da Yuni, ya yi ta hawa arewa har ya kai bakin hamada a Agusta, sannan ya ja da baya. Iskar damina tana busowa daga kudu maso yamma ɗauke da laimar teku, iskar hunturu kuma tana zuwa a bushe daga arewa maso gabas. Mahaɗar iskokin nan biyu tana hawa tana sauka da lokacin shekara, kuma a bayanta ta kudu ne ruwa ke zuba. Ƙwaron da ya tashi sama ya miƙa kansa ga iska, to za ta kai shi kusa da inda ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta tsiro. Bai san taswira ba, amma an hore masa abin hawa da zai kai shi ga abincinsa.

Farar da ta fi addabar gero a ƙasar Arewa ƙarama ce, masana suna kiranta farar Sanagal, a harshen ilimi Oedaleus senegalensis. Ƙwayayenta suna kwance cikin rairayi duk tsawon rani, wata bakwai ko takwas, sai ruwan farko ya tashe su. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe su ci ciyawa su yi fiffike, sannan su tashi da dare su bi iskar damina zuwa arewa, su haihu a can. Takan yi haihuwa har uku a damina ɗaya, tana kuma iya cin fiye da kilomita 300 a dare guda. Da ruwa ya ɗauke a arewa, ciyawar makiyaya ta bushe, iska ta juya, sai jikokin waɗanda suka tafi su dawo kudu. Abin da ya rage kore a lokacin shi ne gonar gero da maiwa. Wannan ce baƙuwar da manomin Gecheme ke tararwa da hantsi. Ta yi wa Nijar da arewacin Najeriya mummunar ɓarna a 1974, ta sake yi wa Sahel a 1985 da 1986.

Ba fara kaɗai ke wannan tafiya ba. A wani bincike da aka yi a ƙauyukan Mali, aka buga a 2019, an ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan aka tura ta sama, daga mita 40 zuwa 290. An kamo sauron da ke ɗauke zazzaɓin cizon sauro yana tafiya cikin iska da dare, mafi yawansa mata da suka riga suka sha jini, an kuma ƙiyasta cewa yana iya yin tafiyar da ta kai kilomita 300 kafin gari ya waye. Akwai kuma wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro da ɗigo-ɗigo, wanda ke barin Turai idan sanyi ya gabato, ya tsallake teku da Sahara ya sauka a Sahel a ƙarshen damina, ya haihu, zuriyarsa kuma ta koma arewa daga baya. Zuwa da komowar ta kai kilomita dubu 12 ko fiye, kuma babu guda ɗaya da ke kammala ta. Wanda ya tashi daban, wanda ya koma daban.

Daga nan ɗan'uwa mai karatu zai gane cewa tafiya a kanta ba aibi ba ce. Saurayin Gecheme da ya ɗaure damen geronsa, ya sa a rumbu, ya nufi Birnin Kebbi ko Kwatano ko Abijan cin rani, da makiyayin da ke hawa arewa da damina ya sauko dallol da kaka, duka suna bin ƙa'ida ɗaya da wannan malam-buɗe-littafi: arziki ya matsa, sun matsa. Babu mai adalcin da zai kira su fara. Abin da ake tsoro wani abu ne dabam, kuma farin ɗango ne suka fi fito da shi fili.

HALITTA ƊAYA, HALI BIYU

Farar hamada, wadda ake kira Schistocerca gregaria, ita ce ke zama farin ɗango. A shekarun lafiya tana zaune jefi-jefi a busassun wurare, a Nijar musamman a Tamesna da kewayen duwatsun Ayar. Launinta na ƙasa-ƙasa ne, 'ya'yanta kore, ta saje da abin da take kai. Tana gudun 'yan'uwanta, ba ta tafiya sai da dare, cinta kaɗan ne, har makiyayi yakan wuce ta bai lura ba. Waccan kuwa mai rufe rana, 'ya'yanta baƙi da rawaya ne, manyanta ja-ja kafin su balaga, sannan su koma rawaya. Bambancin ya kai har an daɗe ana ɗaukar ire-iren waɗannan a matsayin halittu biyu. Sai a 1921 wani masani ɗan asalin Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa mai zaman kaɗaici da mai tafiyar gayya jinsi ɗaya ne, hali ne kawai ya sauya.

Yadda abin ke faruwa shi ne babban abin lura. Da ni'ima yake farawa. Ruwa mai yawa ya sauka a hamada, rairayi ya jiƙe, ciyawa ta tsiro ko'ina. Fara ta tsuke ƙwayayenta cikin ƙasa mai laima, su ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu, kowace haihuwa tana iya ninka yawansu sau 20. Sannan ruwa ya ɗauke. Ciyawar ta fara bushewa, koren ya yi ta tsukewa har ya rage 'yan ƙananan wurare a cikin kwari. Masu yawa suka haɗu a kan abinci kaɗan. Waɗanda a da ba sa ko son ganin juna, yanzu dole su gogi juna.

Masana sun gano cewa gugar cinyoyin baya ita ce babban makunni. Sun ɗauki fara mai zaman kaɗaici suna shafa cinyarta da ɗan burushi, cikin sa'o'i biyu sai ta daina gudun 'yan'uwanta ta fara nemansu. A 2009 masu bincike na jami'o'in Oxford da Cambridge a Ingila suka nuna cewa a wannan ɗan lokaci wani sinadari da ake kira sirotonin yana ninkawa kusan sau uku a jijiyoyin ƙirjinta. A 2020 kuma masu bincike a ƙasar Sin suka gano, a wata fara 'yar'uwar wannan, wani wari da ake fara fitarwa da zarar huɗu ko biyar sun haɗu, warin kuma shi ke janyo wasu. Hali ne ke fara sauyawa, launi da siffa su biyo daga baya. Bahaushe ya riga ya faɗa cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. 'Yan ɗango, wato ƙananan da ba su yi fiffike ba, suna tafiya a ƙasa rundunarunduna. Wanda ya gan su zai ce haɗin kai ne ya jera su. Binciken da aka buga a 2008 ya nuna cewa suna cin junansu: idan abinci mai gina jiki da gishiri suka yi musu ƙaranci, sai na baya ya kai wa na gaba cizo. Kowanne yana gudun wanda ke bayansa, yana kwaɗayin wanda ke gabansa, wanda ya tsaya kuwa ya zama abinci. Rundunar ba ta da sarki, babu wanda ya zaɓi inda za a dosa. Idan sun yi fiffike sai su tashi da rana, iska ta ɗauke su har kilomita 150 a yini. A watan Oktoba 1988 iska ta kwashi wasu daga gaɓar Afirka ta Yamma ta tsallakar da su tekun Atlantika zuwa tsibiran Karebiyan, tafiyar kusan kilomita dubu 5, zuwa ƙasar da ba su iya kafa zuriya a cikinta ba.

ABIN DA ƘASAR NAN TA GANI

Wannan ba labarin nesa ba ne. A 1928 wata annobar fara ta taso daga fadamun kogin Isa, wanda ake kira Kwara, a tsakiyar ƙasar Mali ta yau, ta yi fiye da shekara 10 tana yawo a Afirka. Ta ci amfanin yammacin Nijar a 1930, yunwa mai tsanani ta biyo baya a 1931, har Zabarmawa suka sa wa lokacin suna shekarar fara. Masana tarihi da suka bibiyi wannan yunwa sun nuna cewa harajin Turawan mulkin mallaka da aikin tilas sun ƙara wa mutane nauyi a lokacin da rumbuna suka zama wayam.

A daminar 2003 an yi ruwa mai kyau a bakin hamada, aka ƙara da wani mai yawa a Oktoba daga Sanagal har Maroko. Fara ta haihu a Muritaniya da Mali da Nijar da Sudan, ta hau zuwa arewacin Afirka ta sake haihuwa, ta dawo Sahel a daminar 2004 a matsayin farin ɗango. An yi feshi a kan hekta kusan miliyan 13, an kashe fiye da dalar Amurka miliyan 400. A Nijar ruwa ma ya ɗauke da wuri a wannan shekara, giɓin hatsi ya haura tan dubu 200, kuma kaso mafi girma na giɓin daga ƙarancin ruwa ne. Amma a tsakiyar 2005 buhun gero ya doshi jika 30 ta sefa a wasu kasuwanni, alhali akwai hatsi a kasuwa, talaka ne ba ya iya saye. Fara ta ci nata ta wuce, hannun mutane ya ƙarasa sauran.

GIRAM BIYU

Fara ɗaya tana cin kwatankwacin nauyin jikinta a yini, wato kamar giram 2. Ko ɗan tsako ba zai ƙoshi da wannan ba. Amma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80. Miliyan 40 sau giram 2 ya ba da tan 80, nauyin buhu 800 ke nan na kilo 100, a yini guda. Da za a kama fara ɗaya a tuhume ta da cinye gonar maraya, da ta ce giram 2 kawai ta ci, kuma gaskiya ta faɗa. Duk miliyan 40 ɗin haka za su ce, duk kuma gaskiya ne. Gonar dai ta tafi.

Fara ba ta da laifi, domin ba a ɗora mata hukunci ba, ba a ba ta hankalin da za ta zaɓa ba. Matsalar tana wajen ɗan Adam, wanda aka ba hankali, amma yake son ya fake da hujjar fara. A ƙarshen watan Oktoba 1991, a Toda da ke ƙasar Gidan Rumji cikin jihar Maraɗi, rikicin gona da dabbobi ya rikiɗe ya zama taro, aka kashe fiye da mutum 100, mafi yawansu mata da yara na makiyaya. Lokacin kaka ne, lokacin da manomi da makiyayi suke matsuwa a kan ƙasa ɗaya, kamar yadda ake matsuwa a dallol kowace shekara idan gonaki suka ci burtali, dabbobi kuma suka sauko kafin a kwashe amfani. Irin wannan aiki ba wasu dodanni ke yinsa ba. Mutane ne masu gaisuwa da zumunci, waɗanda da an samu kowannensu shi kaɗai a gonarsa da ba zai ɗaga hannu a kan jariri ba. Haka abin yake idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwa kowa ya ɗauki dutse, haka yake idan aka yaɗa sharri a kan wani a WhatsApp ko Facebook, kowa ya danna ya tura gaba.

Wanda ya shiga irin wannan taro yakan kare kansa da uzuri uku.

Na farko ya ce nasa kaɗan ne: dutse ɗaya ya jefa, saƙo ɗaya ya tura. Wannan ita ce hujjar giram 2. Amma alhaki ba dame ba ne da za a raba shi ya ragu. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Sayyidina Umar (R.A) ya zartar da hukuncin kisa a kan wasu mutane da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, bai kasa ran mamacin gida-gida ba. Hikimar a fili take: da yawa yana rage laifi, da duk mai son zalunci sai ya nemo abokai.

Na biyu ya ce kowa ma yana yi. Gaskiya ne, kuma masana sun nuna cewa gugar juna tana sauya hali da gaggawa, har mai halin bai sani ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Amma wannan hujja a kansa take komawa. Tunda mutum ya san zama yana rina hali, to zaɓin wurin zama yana hannunsa tun kafin rinin ya kama. Fara ba ta zaɓi kwarin da yunwa ta tara ta a ciki ba. Mutum kuwa shi ya zaɓi majalisar da yake kwana hira, shi ya zaɓi zauren waya da ya shiga, shi ya ga an fara cin naman wani ya gyara zama.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma bai kamata a raina shi ba. Ya ce in ya tsaya za a cije shi. Wannan ma gaskiya ne. Wanda ya ce a dakata a bincika, a lokacin da jini ya hau, za a kira shi matsoraci ko munafuki ko ɗan leƙen asirin abokan gaba, wani lokaci ma duka ya koma kansa. Shari'a ta san tilas, ta yi wa wanda aka tilasta rangwame a abubuwa da dama. Amma malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta kashe wanda bai ji ba bai gani ba, domin ran wanda aka tilasta bai fi ran wancan tsada ba. A mafi yawan lokuta ma ba rai ake tsoro wa ba, baƙar magana ce da ƙauracewar abokai. Wanda ya sayar da mutuncin wani don gudun harara, ya sayar da abu mai tsada da arha. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Littafin Allah ya ambaci fara a wuri biyu. A Suratul A'araf, aya ta 133, tana cikin masifun da aka aika wa mutanen Fir'auna. A Suratul Ƙamar, aya ta 7, an kamanta fitowar mutane daga kaburbura da fara mai watsuwa. Babu taron da ya kai na wannan rana girma, kuma a ranar ce kowa zai amsa tambayarsa shi kaɗai.

SHIN TARO NE MUGU?

Wani ɗan'uwa zai ce: to ashe sai kowa ya shige ɗaki ya kulle? Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da gayya ake nome gonar mara lafiya, da jam'i ake salla, a da'ira ake zikiri, zuma ma taro ce. Wannan magana daidai ce. Kaɗaicin fara ba waliyyantaka ba ne, kuma sauyin hali da zama ke kawowa shi ne dai ke sa mai rowa ya koyi kyauta idan ya zauna da masu kyauta. Ƙofar da sharri ke shigowa ta nan alheri ke shigowa. Saboda haka abin nema shi ne alamar da za ta raba jama'a da garke.

Ana iya duba abin da taro ya bari a bayansa. Gayya ta watse an bar gona a nome, farin ɗango sun tashi an bar kara tsirara. Amma wannan alama sai bayan an gama ake ganinta. Wadda ake iya gani tun ana ciki ita ce: me ke samun wanda ya tsaya? A cikin jama'a ta gari, idan wani ya ce a dakata, anya wannan labari gaskiya ne, anya wannan mutum ya cancanci abin da ake masa, za a saurare shi ko da ba a bi ra'ayinsa ba, kuma gobe zai dawo ya zauna a wurinsa. A cikin garke kuwa cizo zai sha. Duk taron da tsoron na baya ne ke tafiyar da shi ya ɗauki halin 'yan ɗango, ko da sunansa mai kyau ne, ko da tutarsa mai daraja ce.

Wannan awo bai bar kowa a waje ba. Samari masu ƙaunar malaminsu sukan ga an taɓa shi da magana a intanet, sai su yi ca a kan mai maganar, daga raddi a koma zagi, daga zaginsa a koma zagin iyayensa, kowanne yana tsoron kada a ga shi ne mai ƙarancin kishi. Ƙauna ce ta tara su, amma ba ita ke tura su ba a wannan lokaci. Wanda ya yi tarbiyya ta gaskiya ana gane shi da cewa yana iya janye hannunsa a tsakiyar irin wannan, ya kuma bar wa ɗan'uwansa damar janye nasa ba tare da ya yi masa gori ba.

TUN TANA ƘASA

Masu yaƙi da fara sun koyi darasi mai tsada. A watan Fabrairu 2004 FAO ta nemi dala miliyan 9 don a tare annobar tun tana ƙarama, ba a ba da abin kirki ba. Zuwa Agusta abin da ake nema ya kai miliyan 100. Bayan wannan ne Nijar ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da fara, CNLA, mai sansani a Agadas. Aikin ma'aikatanta ba jiran garke ba ne. Da damina sukan shiga Tamesna da Ayar, su sauka daga mota su taka da ƙafa, suna ƙirga fara ɗaya-ɗaya, suna tona rairayi su ji laimarsa, suna duba ko kore ya fara tsukewa, ko launin 'ya'yan ya fara sauyawa. Idan sun ga an fara taruwa sai su yi maganin 'yan hekta kaɗan. Shekarar da aikinsu ya yi kyau, manomin Gecheme ba zai ma san an yi wani abu ba.

Haka hisabin kai yake. Ba a tsakiyar ihu ake koyon tsayawa ba. Mutum yakan duba zuciyarsa ne tun ana mutum huɗu ko biyar a gindin bishiya, lokacin da aka fara cewa su wane duk haka suke. Yakan lura da lokacin haɗari, wato sa'ad da wadata ta fara tsukewa, gona ta yi wa magada kaɗan, rijiya ta ja baya, aiki ya yi wuya, domin a nan ne guga ke yawa. Wanda kuma Allah Ya ba iko ko dukiya, nasa alhakin ya fi, tunda yana iya faɗaɗa wa mutane ko ya ƙara matse su: mai hatsin da ya buɗe rumbu a lokacin tsada, da mai garin da ya tsare burtali ya tsare gona, sun kashe wutar da ba wanda zai san ta taɓa kamawa.

Akwai wani abu kuma da masana suka gano wanda ya kamata iyaye su riƙe. Farar da ta rayu cikin garke tana sa wa ƙwayayenta wani abu a cikin kumfar da take rufe su da ita, sai 'ya'yan su fito da halin garke tun ba su ga garke ba. Komawa cikakken halin natsuwa yakan ɗauki haihuwa fiye da ɗaya. Gabar da uba ya shiga cikin yini guda, jikansa yana iya tashi da ita bai san mafarinta ba.

Idan sanyi ya shigo, mata da yara sukan fita da asuba su tsinci fara da hannu a kan kara da ganye, domin sanyi ya ɗaure mata fiffike. A dafa ta, a shanya, a soya da yaji, a kai kasuwa, daga kasuwannin ƙauye har Katako ta Yamai. Halal ce, sai dai malaman Malikiyya sun sharɗanta a kashe ta da wani sababi, kamar jefa ta a ruwan zafi, tare da niyya da ambaton sunan Allah. Idan kashe fara don ci yana buƙatar mutum ya san abin da yake yi da dalilin yinsa, to ina ga ɗaga hannu ko harshe a kan ɗan Adam? Abin da garke ke fara ƙwacewa daga mutum shi ne niyyarsa, ya wayi gari yana gudu bai san wa ya ce a gudu ba. Wanda ya riƙe niyyarsa zai iya shiga kowane taro ya fito da fuskarsa.

Allah Ya tsare amfanin gonar bayinSa daga fara da tsutsa da ƙarancin ruwa. Allah Ya dawo da matafiya gidajensu lafiya, Ya sanya fahimta tsakanin manomi da makiyayi, Ya haɗa kowa da abokan zama na gari, Ya ba da ƙarfin zuciyar tsayawa a ranar da tsayawa ke da wuya. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Amin.